Bindigar gam ta kunyata ni a duwatsun Birni

Wata uku muka yi muna haɗa sulken jarumin ɗan fim ɗinmu, ni da ƙanena da wani abokina tela. Irin fim ɗin Japanawan nan ne da ake kira tokusatsu, inda mutum ke shiga cikin sulke ko rigar dodo, a gina ƙananan gidaje ya yi ta tattake su. Kuɗin kyamara babu, da waya muke ɗauka. Sulken kuwa daga tabarmar robar nan mai haɗe-haɗe da ake shimfiɗa wa yara muka yanko shi, kuma abin da ya riƙe shi kaf bindigar gam ce, wadda ake jona wa wuta ta narkar da sandar gam, da na saya a Kasuwar Dole a nan Damagaram, mai cin sanda mai kaurin milimita 11. Kun san ta, kun san layin da ake sayar da ita.

Ranar da zan saya sai da na tambayi mai kanti: "Alhaji, za ta riƙe roba kuwa?" Ya ce, "Ɗana, har ƙarfe ma." Wannan maganar ce har yau take ci mini rai.

A ɗaki, gaskiya, ba ta nuna hali ba. Ka matsa, ka manna, kafin ka ƙirga talatin ya kama. Muka fesa baƙin fenti da ruwan azurfa, abu ya yi kyau har maƙwabta na leƙowa.

Sai ranar ɗauka, cikin watan Afrilu, a duwatsun unguwar Birni. Da gangan muka zaɓi hantsi, don in kana so jarumi ko dodo ya yi nauyi a ido sai ka ɗauka da hotuna masu yawa a daƙiƙa, kamar 120, sannan ka rage gudu, wayar kuma ba ta yin wannan da kyau sai da haske sosai. Muka ajiye sulken a kan dutse muna jera gidajen kwali, kamar rabin awa. Zafin Damagaram a wannan watan ya wuce digiri 40, ga baƙin fenti yana shan rana, ga dutse kamar tanda. Ƙanena ya saka, na kwanta ƙasa da waya don ya fito ƙato, na ce a fara. Naushin farko, kafaɗar dama ta sulale ta faɗi. Ya ɗaga ƙafa, haɗin ƙirji ya buɗe tun daga wuya har cibiya, gam ɗin yana ja kamar yauƙin kuɓewa. Na taɓa, ya yi laushi tiɓis, yana bin yatsa.

Yaran unguwa sun taru a kan duwatsu suna kallo, aka kwashe da dariya. Ban damu da dariyar ba kamar yadda na damu da ƙanena. Dare da rana ina ba shi labarin Haruo Nakajima, ɗan wasan Japan da ya shiga rigar dodon nan Godzilla a 1954, riga mai nauyin kusan kilo 100, don ya daure wa zafi. Ya kuwa daure. Gumi na zuba ta ƙasan hular, ya dafe ƙirjin da hannu biyu ya ce, "Yaya, ci gaba da ɗauka, zan riƙe." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Aikin wata uku muka kwaso a buhu, muka hau kabu-kabu muka dawo.

Wani dattijo baduku na kai wa. Ya juya guntun, ya ɓanɓare gam ɗin da farce ya ce, "Yaro, abin da wuta ta narkar, rana ma za ta sassauta shi." Ya nuna mini gam ɗin takalmi, wanda muke ce wa kol: ka goge bakin robar da sanfefa, ka shafa siriri a ɓangare biyu, ka jira ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa ka danne. Na ce, "Baba, da na zo wurinka tun farko." Wanda muka haɗa a gabansa na shanya a rana yini guda, ko gezau.

Kada in zalunci bindigar dai, gidajen kwalinmu goma sha biyu duk ita ta yi su, kuma a nan ta burge ni. Tana da sauri, kuma in aka taka, haɗin yana ɓallewa daidai inda ake so. Har na fara cewa laifina ne da ban bincika ba.

Amma da na tuna sauran halinta sai raina ya sake ɓaci. Igiyarta ko mita ɗaya ba ta kai ba, kullum kana tsugune a gindin bango. Bakinta ba ya daina ɗiga, rabin sandar a ƙasa take ƙarewa, ga tabon ƙuna a babban yatsana har yanzu. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar haɗi, gam ya daskare a ciki, sai jira. Kuma mai kanti ya san garin da yake zaune, ya san ranarmu, me zai hana ya ce mini ban da abin da zai shiga rana?

In kwali za ka yi a inuwa, saya. In sulken da mutum zai saka ya yi tsalle ne, nemi kol. Mu dai mun ɓanɓare namu guntu-guntu muna sake haɗawa, ɗaukar kuma mun ɗage ta sai hunturu ya shigo.