Yaran da suka goge mana rubutun bango a Bukoki

Duk wanda ke zaune a Yamai ya san wannan damuwa, ka kwanta bangonka fes ka tashi ka tarar an rubuta maka sunan wata fada ta samari da fentin bom na feshi, ko nimeron masu yashe salga, ko na masu haƙa rijiyar foraj. Mu dai gidan tsohuwarmu ne a Bukoki, bangon ko wata 3 bai yi da fenti ba, wasu yara suka zo da dare suka zana sunan fadarsu da ja da baƙi tun daga ƙofar ƙarfe har kusurwar gida. Wallahi ran Hajiya ya ɓaci sosai, kuɗin adashinta ne ta sa a fentin nan.

Da farko ni na ce zan iya, na sayo diliyan, ruwan narkar da fenti, a kasuwar Katako na jiƙa tsumma na hau gogawa, sai jan ya narke ya bazu ya ƙara faɗi, fentin gidan ma ya fara tashi. Nan na tsaya. Wani maƙwabcinmu mai wankin mota shi ya haɗa ni da wasu samari 3 da ke wannan aiki, da can masu fenti ne.

Sun ce ƙarfe 7 na safe, sai wajen 9 suka iso, wannan kam ban ji daɗinsa ba don su da kansu suka ce aikin na safe ne, in rana ta take maganin goge rubutun bushewa yake kafin ya ci fentin, ga shi watan Afrilu zafi ya wuce digiri 40. Amma babbansu ya gaida Hajiya har ƙasa ya ba da haƙuri, kuma abin da ya sa na yarda da shi, bai taɓa komai ba sai da ya zagaya bangon yana shafawa da hannu, ya gwada maganin a wani ɗan lungu can ƙasa. Sannan ya ce, "Hajiya, gaskiya zan faɗa miki, na ƙofa zai fita tas, na bango ko sai dai mu rage shi mu rufe." Ya yi mana bayani, ƙarfe sumul yake fenti a sama yake zama, shi ko shafen siminti ramuka gare shi ƙanana, shanye fentin yake kamar yadda ƙasa ke shan ruwa, ko an goge sai inuwar rubutun ta rage, musamman da ya kwana 10 rana na gasa shi.

Haka kuwa aka yi. Ƙofa cikin rabin awa ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Bangon suka shafa masa magani mai kauri suka bar shi ya jiƙa, suka bi da buroshi, sannan mashin Kärcher irin na wankin mota amma sun rage masa ƙarfi kuma daga nesa suke fesawa kada ya fasa shafen. Gefen da yake na banko, wato ginin laka, ko kusa ba su kai masa ruwa ba, ya ce zaizayewa zai yi, kankarewa suka yi aka sake yaɓe. Da ya bushe suka fara sa fentin mai a kan inuwar kafin na ruwa, don ja in ka rufe shi da na ruwa kaɗai sake ɓullowa yake.

In za ku kira su, ruwa ku tanadi naku, mu sai da ga-ruwa ya kawo mana kura 2. Jikka 20 suka ce, muka daidaita a 17 ban da kuɗin fenti. Abin da ya dame ni ɗan ƙaraminsu da ke aiki da maganin nan ba safar hannu ba abin rufe hanci, warin har cikin ɗaki muke jinsa, na yi wa babbansu magana ya ce za su saya.

Launin sabon fentin ya ɗan fi na da haske, in ka tsaya kusa za ka ga mahaɗar, sun ce ƙura za ta daidaita shi kuma yanzu sati 3 ya fara sajewa. Na riga na ba ƙanen mahaifinmu nimeronsu, shagonsa na Wadata duk takardun talla ne a manne.