Takalmin daji: wanne soja zai saya da kuɗin aljihunsa?

Baƙin takalmin da ake raba wa kurtu tun daga Zariya ba shi da laifi a filin fareti. Amma ka sa shi a Maiduguri cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka yi sintirin wuni guda, dahuwa ƙafarka za ta yi. Shi ya sa da alawus ya shigo, yara da yawa kasuwar Mami ta bariki suke nufa. Ni ma na yi, har sau huɗu, kuma biyu daga ciki asara ce.

In ka tambaye ni, Belleville 390 zan ce maka. Kamfanin Amurka ne da ke jihar Illinois tun 1904, kuma wannan samfurin don ƙasa mai zafi aka yi shi. Tsayinsa inci 8, ƙasansa fatar saniya ce mai kaushi-kaushi, gefensa yadin Cordura mai shan iska. Ba shi da shafi mai hana ruwa a ciki, kuma abin da ya sa nake son sa ke nan. In ka tsallake fadama ya jiƙe, kafin azahar ya bushe a ƙafarka. Tafinsa na kamfanin Vibram ne, yana kama tsakuwar Gwoza, ƙaya ba ta huda shi da sauƙi. A laƙar firgi ta wajen Dikwa da Marte kam, da damina babu takalmin da ba ya ɗaukar kaya, sai dai shi in ka buga a jikin tayar mota yana zubarwa. Makon farko yana da tauri, zai ci maka dunduniya. Ka fara sa shi a bariki da safa mai kauri, kada ka fita aiki da shi sabo fil.

Lowa Zephyr na Jamusawa ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa na hafsoshi ne, kuma mai alamar GTX, wato mai shafin hana ruwa a ciki, yana riƙe gumi. Masu zif a gefe, na bar wa masu gadin ƙofa: rairayi zai cike haƙoran. Mai ƙarfe a baki nauyi ne kawai. Na Aba, idan ka samu mai ɗinki a Ariaria da ya san hannunsa, yana da araha kuma kowane shumeka zai gyara maka.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Na taɓa sayen wani takalmi mai launin ruwan ƙasa, kwali mai kyau, tutar Amurka a harshensa, mai shagon yana rantsuwa da kabarin ubansa. Kwana 19 ya yi. Muna tafiya a ƙasa tafin hagu ya ɓalle daga gaba yana faɗuwa kamar bakin kada, da igiyar tanti na ɗaure shi har muka koma sansani. Tun ranar, tafi nake fara dubawa kafin komai.

Ka lanƙwasa shi da ƙarfi ka duba inda tafi ya haɗu da fata. In ka ga gam yana ja kamar zare, ajiye. Ka shinshina ciki, jabu warin roba da fetur yake yi. Tambarin Vibram na gaske mai kusurwa takwas ne, galibi rawaya, rubutunsa fes. Na jabu fenti ne da farce ke kankarewa. Ka ɗaga harshen ka karanta: lambar ƙafa ta Amurka ce, da harafi a gefe, R matsakaici, W mai faɗi. Mai sa 43 ko 44 ya fara gwada 10, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura. Wanda ya turo maka hoto a WhatsApp ya ce ka fara tura kuɗi, ka ce masa sai ka riƙe a hannu.

Gwanjo ma da nasa tarkon, har a kan wanda nake yabo. A Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci za ka iya cin karo da na asali wanda ko sau ɗaya ba a taka ba, ka ɗauka ka yi tsintuwa. To, soson da ke tsakanin tafi da fata, idan ya shekara da shekaru a ajiye, ruɓewa yake ta ciki, ya ruguje kamar busasshen burodi. Ka danna shi da babban yatsa. In ya tsage ko ya yi danƙo, bar musu kayansu. Gara wanda aka ɗan taka, tafinsa da sauran zane.

Kafin ka biya, ka nuna wa Samanja launin. Akwai rundunar da ba ta yarda da ruwan ƙasa sai baƙi, kuma mai shago ba ya karɓar abin da ya taɓa ƙasa.