Matan Fada bayan biki: yawo da dattijon masunci

Mai son ya ga gulbin Matan Fada da kyau, ya je Argungu bayan an watse daga bikin kamun kifi. Ranar biki ƙura da cunkoso ba sa barin mutum ya ga komai sai kawuna da goruna. Ni da rani na kai ɗaliban ajina daga Birnin Kebbi, muka ɗauki wani dattijon masunci da ke zagawa da baƙi a bakin ruwa, kuma aikinsa nake son in yaba.

Mun fara leƙa gidan tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka buɗe shi ga jama'a a 1958. Ga takubba da masu da tambura, ga kaburburan sarakuna. Yara sun kalla, sun rubuta a littafi. Amma sai da muka gangara gulbi suka fara tambaya.

Baba ya zo da gorarsa da homarsa. Ya kwanta rub da ciki a kan gorar, ya nuna yadda take ɗauke mutum a ruwa mai zurfi, da yadda ake jefa kifi ta bakinta hannu bai bar homa ba. Wata yarinya ta ce, "Baba, me ya sa giwan ruwan nan ke girma haka?" Ya ce, "'Yata, don an bar ta ne. Wurin nan ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini." Na sha karantar da kiyaye muhalli a aji, ban taɓa ganin ya shiga kunnen yara kamar ranar ba. Daga nan ya kawo zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka yi masa su, wato taron kamun kifi, don girmamawa, bikin ya samo asali. Ni na ƙara musu da cewa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016.

Inda Baba ya gaza, kwale-kwalensa ba rigar kariya ko ɗaya, don haka ban bar yaro ya shiga ba. Na faɗa masa, ya ce zai nema. Abin da ya fi ci mini rai kuwa ledar ruwa da mu baƙi muke zubarwa a gaɓa, iska na kwashe ta zuwa cikin gulbin da ake tattalin kifinsa shekara guda.

Kuɗin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba. Malamai, ku je da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku ɗauki ruwan sha da buhun zuba shara, ku kuma nemi jagora daga cikin masuntan garin.