Shagon sikana na kusa da babbar kasuwa: a kai musu wasiƙun yaƙin basasa, amma kada a yarda su liƙe su cikin leda

A gidaje da dama na Maraɗi akwai adakar da ba a cika buɗewa ba, kuma a ƙasanta, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, akan tarar da ƙunshin takardu. Wasu wasiƙu ne da ƴan uwa na Katsina, Jibiya, Daura ko Kano suka aiko lokacin yaƙin basasar Najeriya, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Wasu na sojojin da ke bakin daga ne, wasu kuma kaye ne, wato littafin rubutu, da direba ko ɗan kasuwa ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum. Takardun sun haura shekara hamsin, gara da damshi suna cin su. Wani shago da ke kusa da babbar kasuwa, wanda asalin aikinsa fotokofi da buga takardu ne, yanzu yana karɓar irin waɗannan ya ɗauki hotonsu da sikana, ya juya rubutun a kwamfuta, ya mayar ma mai su. Hukuncinmu a kansa shi ne aikin sikanarsu ya yi kyau, ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin mai takarda ya tsaya a kansu ya ƙi wasu abubuwan da za su ba shi shawara.

Injinsu biyu ne. Akwai babban injin fotokofi mai bakin da ke zuƙar takarda da kansa, akwai kuma sikana mai gilashi wadda ake ɗora shafi ɗaya-ɗaya. Idan ba a yi magana ba, yaron shago bakin zai nufa, don ya fi sauri. Nan ne wurin tsayawa a ce, "Malam, don Allah a ɗora bisa gilashi." Bakin yana da ƴan tayoyin roba da ke jan takarda su lanƙwasa ta, kuma wasiƙar da ta shekara hamsin a ninke, a kan layin ninkin take rabewa. Wasiƙar jirgi, shuɗiyar nan marar kauri da ake ninkewa ta zama ambulan ɗin kanta, ita ce ta fi saurin tafiya.

A kan gilashi kuwa hannunsu yana da kyau. Suna goge shi kafin kowane ƙunshi, abin da ba ƙarami ba ne a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, don ƙwayar ƙura ɗaya tana iya fitowa kamar ɗigo, kuma a ajami ɗigo ɗaya yana sauya harafi. Sun san dabarar shimfiɗa baƙar takarda a bayan shafi marar kauri, don rubutun ɗaya gefen kada ya leƙo. Suna kuma barin ɗan fili a gefe huɗu, gefen takardar ya fito duka, da inda ɓera ya gutsura da inda tsatsar allura ta bar zobe ja.

Sai dai gilashin girman A4 ne, santimita 21 da 29.7. Takardun ofis na Najeriya na wancan zamani da yawa fulsikaf ne, tsawonsu santimita 33. Idan aka ɗora sau ɗaya, santimita 3 da ɗoriya na ƙasa sun tafi, kuma nan ne sa hannu da hatimi suke zama. A nemi a ɗauka sau biyu, sama da ƙasa, kuma a duba a fuskar kwamfuta kafin a ɗage takardar. Ga kaye mai kauri matsalar dabam ce: rubutun da ke kusa da ɗinki ba ya taɓa gilashi, sai ya fito dishi-dishi, su kuma maganinsu shi ne danna murfi da ƙarfi. Kada a bari. Ɗinkin zai karye, shafuka su zube. Ga irin wannan gara a buɗe kayen rabi, a tokare bangonsa da matashi, a ɗauka da waya daga sama a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba.

Batun saiti, abin da suka saba da shi baƙi-da-fari ne, don shi ya fi araha. Ba ya yi ma tsohuwar wasiƙa. Injin yana ɗaukar rubutun fensir da tawadar da ta koɗe a matsayin datti ya share su. A biya kuɗin mai launi ko da takardar ba ta da launin komai. Ga rubutun boko mai girma 300 dpi, wato ma'aunin yawan ɗigon da hoton ke ɗauka, ya isa. Ga ajami mai ƙananan wasulla da hatimin gidan waya a nemi 600. Shafin A4 mai launi a 600, idan aka adana shi TIFF, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, yana cin megabayit kusan 100, a 300 kuwa kusan 26. Ke nan shafi 150 a 600 sun kai gigabayit 15, don haka a zo da kile, ƴar ma'ajiyar nan ta USB, mai gigabayit 32, sabo. Suna ba da JPEG, wanda ke matse hoto, in ba a nemi TIFF ba. A karɓi duka biyu, TIFF na ajiya, JPEG na rabawa dangi. Kada kuma a yarda da "za mu turo maka ta WhatsApp", don yana matse hoto ya rage shi, sai in an tura shi a matsayin fayil.

Yanzu ga inda muka fi saɓawa da su. Da zarar an gama, za su ce a yi plastifiye, wato a liƙe takardar cikin leda da injin zafi, kuma da zuciya ɗaya suke faɗi, don a ganinsu kariya ce daga ruwa da hannun yara. Ga katin makaranta ko takardar da za a iya sake fitarwa, babu laifi. Ga wasiƙar da babu irinta a duniya, ɓarna ce da ba a gyarawa. Injin yana aiki da zafin da ya haura digiri 100, ya narkar da gam ya shige cikin zaren takardar, har abada ba a raba su. Takardar kaye da ta wasiƙa ta wancan zamani tana da tsami a jikinta, shi ke sa ta ja ta yi ƙamas, kuma in aka kulle ta ba iska, tsamin yana ci gaba da cin ta a ciki. Bayan ƴan shekaru ledar kan yi kumbura, gefe ya buɗe, damshin Agusta ya shiga ya rasa mafita. Duk hoton da za a ɗauka nan gaba kuma ta bayan ƙyallin leda za a ɗauke shi.

Abin da ya kamata a saya a wurinsu, kuma suna da shi, shi ne aljihun leda mai buɗaɗɗen baki wanda ake sa ma kilasa, jakar takardun nan mai zobba, takarda ta shiga ta fita. A duba jikin fakitin: mai alamar PP ko lamba 5 shi ne mai kyau. Mai alamar PVC ko lamba 3, mai laushi da warin sabuwar roba, yana manne ma tawada ya kwashe ta. Wasiƙa ɗaya aljihu ɗaya, a buɗe, ambulan ɗinta a aljihun da ke bi mata. Shafin fensir a fara sa shi cikin farar takarda ninki biyu, don leda kan ɗebi baƙin fensir.

Ambulan ɗin ma sukan manta da shi in ba a tuna musu ba, alhali sau da yawa shi ke ɗauke da kwanan watan da wasiƙar ba ta da shi. In babu hatimi, takardar kanta tana ba da alama. Adireshin da ya ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya, inda Katsina take a lokacin, bai riga 27 ga Mayu 1967 ba, ranar da shugaban Najeriya Gowon ya raba ƙasar jiha 12. Lissafi da fam da sule da sisi yana nufin kafin naira, wadda ta fito ranar 1 ga Janairu 1973. Sojan da ya ce suna cikin Inugu, bayan farkon Oktoba 1967 yake magana. Mai ambaton Asaba da yunƙurin haye kogin Kwara zuwa Anacha, da alama yana runduna ta 2 ta Murtala Muhammad, mai ambaton Fatakwal kuwa runduna ta 3, wadda ta kama garin a Mayu 1968 ƙarƙashin kwamandanta Adekunle. Kayen da ya yi zancen taron sulhu na Yamai, inda Ojukwu, jagoran Biyafara, ya zo zamanin shugaban Nijar Diori Hamani, Yuli 1968 ke nan. Masu shagon ba su san waɗannan ba, ba kuma aikinsu ba ne, amma sunan fayil ya rataya a kansu. Su lamba kawai injin ke ba su. A zauna da su a sa shekara, wata, rana, sannan lambar shafi, kamar 1968-07-14-01, don fayilolin su jeru da kansu.

Juya rubutu shi ne sashen da ya fi rauni. Mai bugawar yana da sauri kuma yana karanta boko sosai, amma yana gyara. Inda marubuci ya rubuta yadda bakinsa ke faɗi, da Katsinanci ko Gobiranci, sai ya mayar da shi Hausar littafi. Doguwar gaisuwar buɗewa, "takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci", da jerin sunayen waɗanda za a gaida, yakan taƙaita su yana ganin maimaici ne. Wannan jeri kuwa shi ne ke nuna wa ke raye a gidan a wannan shekara, wace ce amarya, wane yaro aka haifa bayan tafiyar soja. Sojoji da yawa ma ba da hannunsu suka rubuta ba, faɗa suka yi wani abokin bariki ya rubuta, shi ya sa akan ga hannu uku a wasiƙun mutum ɗaya, kuma ya kamata a rubuta hakan a gefen kowace. A gaya masa ya buga harafi da harafi, inda bai gane ba ya bar gurbi, kada ya cike da zato. Ajami ba ya karanta shi, kuma yana faɗin haka kai tsaye, abin da muka yaba. Sai a nemi malamin da ya saba da rubutun warash ya karanta a hankali ana bugawa.

Kafin a kai musu, aiki yana gida. A cire kyauron roba da allura. Ƙusar sitafula a ɗaga ƙafafunta ta baya da bakin reza mai dakushi, kada a fizge. Sikoc, wato tef mai gam, da aka liƙa da daɗewa a bar shi, ɓare shi yana tafiya da fatar takarda. Fumfuna a bari ta bushe a inuwa, a kaɗe ta da buroshi mai laushi a waje, da takunkumi a hanci. Takardar da ta ƙi buɗuwa cikin bushin hunturu kada a tilasta mata: a ɗora ta bisa rariya cikin roba mai murfi, tsumma mai ɗan damshi a ƙasa ba ya taɓa ta, awa 2 zuwa 3 ana dubawa, sannan a buɗe a danne tsakanin farar takarda da littafi mai nauyi kwana ɗaya. Ban da mai tawadar allo da mai fensirin nan da ke komawa shunayya in ya jiƙa, don su damshi kaɗan ke sa su malala.

Abu na ƙarshe da za a nema kafin a bar shagon shi ne a goge kwafin da ya rage a kwamfutarsu, har da kwandon shara, a gaban mai takarda. Ba mu ga alamar mugun nufi ba, sakaci ne kawai, amma kwamfutar kowa ke zama a kanta, kuma cikin wasiƙun akwai zancen bashi, da saki, da abin da soja ya gani a Asaba wanda bai faɗa ma kowa ba sai yayansa. Kile ɗaya kuma ba ajiya ba ne: a yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari, ɗaya a intanet. Takardun na ainihi su koma adaka, a ɗora ta bisa bulo nesa da bango saboda gara, a buɗe a duba sau ɗaya a farkon damina, sau ɗaya bayan ruwa ya ɗauke.