Ɗura ko dabara, wanne ya fi wa yaro mai ƙin cin abinci?

Ɗura dai mun santa, a kwantar da yaro a cinya a toshe mai hanci a ɗura mai kunu yana ihu. Cikin ya cika kam, uwa ta samu natsuwa, amma kunun nan yana iya sarƙe shi ya bi hanyar numfashi ya gangara huhu, kuma gobe da ya hango cokali sai ya ruga bayan ƙofa.

Dabara kuwa sai mai haƙuri, wallahi akwai cin rai. Ki yanka alayyahu da karas ƙanana sosai ki zuba cikin faten tsaki ko indomie ɗin da yake mutuwar so, ki fasa ƙwai a kai, kunu kuma a sa gyaɗa da waken suya irin garin kunun yaran nan da ake kira Tom Brown, kayan duk akwai su a kasuwar Kawo ta Kaduna. Ki zuba ɗan kaɗan ku zauna faranti ɗaya da yayyensa, in ya ture kar ki yi faɗa, jibi ki sake kawowa, wani abincin sai ya gani sau 10 kafin ya yarda ya taɓa.

Ni dai dabarar na zaɓa, amma fa sai an hana kakarsa cusa mai biskit da alawa kafin lokacin abinci.