Na sayi katako mai araha, hunturu ya tona masa asiri

Sunan wurin ba zan faɗa ba, don mai shi dattijo ne, kuma masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa. Amma abin da ya gudana tsakaninmu sai na faɗa, ko don masu irin halina da suka shiga koyon kafinta da girmansu.

Ni malamin makaranta ne a nan Yamai. Asabar da Lahadi nake zuwa wurin wani tsohon kafinta na unguwarmu da nake kira Maigida, in riƙe masa katako, in goge, in buga ƙusa. Da na yi wata shida sai kaina ya kumbura, na ce zan yi wa yara teburin karatu da hannuna, ba tare da Maigida ya sa baki ba. Na ware jika 60, wato sefa dubu 60. Na zauna da biro da takarda na lissafa falanki nawa, ƙafa nawa, komai cif-cif har santimita. Ina jin daɗi wai ko guntu ba zai yi saura ba.

Katako na fara zuwa, kamar kowa. Jan katako dai na taɓa shi na janye hannu. Duk wanda ka tambaya amsa ɗaya ce: tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ba sa hawowa ta Gaya kamar da, sai an zagayo da su, kuɗin mota ya hau. Ba ƙarya suke yi ba, mu ba mu da dajin da ake yanka irin waɗannan falankai, daga ƙasashen bakin teku suke zuwa. Na koma kan farin katako, samba, shi ma ya fi ƙarfin lissafina. Ina dawowa wani abokin aikina ya ce ai akwai wani Alhaji can bayan gari mai ɗan fili da injin yanka da na gogewa, kayansa da sauƙi.

Da sauƙin kuwa. Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, busasshe ne?" Ya ce, "Haba Malam, ni da kai a yi haka? Wannan ya bushe kamar ƙashi." Na ɗaga falanki ɗaya na ji nauyi, alhali samba katako ne mara nauyi. Na shafa na ji sanyi a tafin hannu, a watan Oktoba, da rana tsaka. Da yaron Alhaji ya saka shi a inji, garin ba ya tashi, dunƙulewa yake yi yana manne wa bakin zarto. Yaron ya ɗago ya kalle ni, ya mai da kai ƙasa. Duk na gani, amma araha ta rufe mini ido.

Tun a wurin lissafi ya fara rushewa. Kuɗin yanka daban, kowane yanka da kuɗinsa, kuɗin gogewa daban, kuma ba a faɗa mini ba sai da aka gama. Falankin da na saya a santimita 3 ya fito daga inji bai wuce 2 da rabi ba. Bakin kowane falanki a tsage yake, sai an datse kusan santimita 10 kafin a kai ga mai lafiya. Zarton kansa yana cin nasa a kowane yanka. Ni da na yi lissafi cif-cif sai ga ni ina ƙara sayen falanki guda. Ga mai amalanke, ga ƙusa, gam, sanfefa, barni mai sa katako sheƙi. Jika 60 ta zama 78, ragowar daga kuɗin cefane na ranto, kuma har yau ana tuna mini.

Teburin dai ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Maƙwabta sun shigo sun gani, na ɗauki hoto na sa a WhatsApp, ana ta sa albarka. Sai Disamba ta kama, iskar hunturu ta sauko. Wata rana cikin dare muka ji "ƙas!" kamar an karya kara, har uwargida ta tashi duba ƙofa. Da safe na tarar da falankin tsakiya ya tsage daga bakin ƙusa. Kafin sati biyu tsakanin falankai ya buɗe, dala 20 tana wucewa a tsaye ta faɗi ƙasa. Na gefe kuwa ya lanƙwashe kamar cikin kwalekwale, ka ajiye fensir ya gangara tsakiya. Ƙaramar 'yata ta mai da wurin asusu. Uwargida ta ce ai gara ma a kai shi bakin kogin Isa a sa a ruwa, ko ya kai mutum Harobanda, tsallaken kogi. Na yi dariya don dole, amma raina a ɓace yake.

Na ɗauki falankin da ya tsage na koma. Na ce, "Alhaji, ka ce mini kamar ƙashi." Ko a jikinsa. Ya juya katakon, ya ce, "Malam, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. A kuɗin nan kake neman wanda ya shekara a inuwa?" Wallahi maganar nan ta fi tsagewar teburin yi mini ciwo. In haka ne me ya hana ka faɗa tun farko? Da ka ce ɗanye ne, sabuwar sauka, in saya ko in bari.

Daga can na wuce wurin Maigida ina huci, ina tsammanin zai taya ni faɗa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Kai da wa ka yi shawara?" Na yi shiru. Ya ce katakon da ya fito daga ƙasar ruwa ya shigo Yamai dole ya zubar da ruwan jikinsa, kuma in zai tsuke ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan bai motsi. Ni kuwa na kafe kowane falanki da ƙusoshi gefe da gefe na ƙara da gam, ban bar masa wurin motsi ba, shi ya sa ya yage kansa. Ya nuna mini zoben da ke bakin falanki, ya ce daga nan ake gane ta inda zai lanƙwashe. Sannan na shafa barni a sama kawai na bar ƙasa tsirara, gefe ɗaya na bushewa ya bar ɗaya. Da na jera su a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, na ɗora nauyi a kai na yi haƙurin wata biyu, da ba haka ba. Game da kuɗi kuma ya ce shi a kan kowane falanki biyar yakan ƙara ɗaya, kuma bai taɓa lissafa katako shi kaɗai ya kira shi kuɗin aiki ba.

To, a nan jikina ya yi sanyi. Na ga rabin laifin nawa ne, ko ma fiye. Bayan kwana uku kuma sai ga yaron Alhaji a ƙofar gida da falanki guda a kafaɗa, wai in ji shi a ba Malam, kyauta. Wannan busasshe ne sosai, da hannu ɗaya na ɗaga. Na ji kunyar faɗan da na yi, har na ce wa abokin aikina mutumin yana da kirki, injinsa ma yana fitar da aiki sumul, yankan a miƙe yake, wanda bai iya goge katako da hannu ba zai ji daɗinsa.

Na jingina falankin a ɗaki ina jiran Asabar. Ranar Alhamis uwargida na shara ta kira ni. A ƙasansa ga wani gari mai laushi kamar na tuwo, tsibi-tsibi. Na juya shi, gefe ɗaya duk 'yan ramuka ne kamar an tsattsaga da allura. Ƙwaro ne a ciki, ya daɗe yana ci. Wato abin da ya rasa mai saye shi aka aiko mini a matsayin alheri, kuma saura kaɗan in haɗa shi da ƙofar ɗaki da gadon yara. Na fitar da shi tsakar gida a guje.

Saboda haka in kana da katakonka, ka kai masa ya yanka ya goge, amma ku yi tsadar yankan tun kafin a kunna inji. Katakonsa kuwa ni da shi har abada, sai dai in Maigida ne ya je ya zaɓa da kansa. Teburin na nan, na cire saman na jera falankan a bayan ɗaki da bulo uku a kai, sai Maris zan sake taɓa su. Falankin kyauta kuma an dafa wake da shi ranar Lahadi.