Kora ko takardar zama: hanyoyi biyu a Amurka

Sama da mutum miliyan 11 ne ke zaune a Amurka babu takardun zama, kuma 'yan siyasar ƙasar sun rabu gida biyu a kansu.

Ɓangare guda, galibi 'yan jam'iyyar Republican, na cewa a kwashe su a mayar da su inda suka fito. A ganinsu, in aka ba wanda ya tsallako iyaka takarda, an zalunci wanda ya bi layi shekara da shekaru. Da wannan alkawari Donald Trump ya dawo mulki a 2025.

Ɗaya ɓangaren na so a buɗe musu hanyar zama 'yan ƙasa, bayan an binciki halinsu, sun biya tara da haraji. An taɓa yi. A 1986 Shugaba Ronald Reagan, shi ma ɗan Republican, ya sa hannu kan dokar da ta halatta zaman kusan mutum miliyan 2.7. A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da irin wannan ƙuduri da ƙuri'a 68 da 32, amma Majalisar Wakilai ta ƙi ko taɓa shi.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da hanya ta biyu. Dubi matar da ke fita tun asuba tsinkar inabi a gonakin Kalifoniya, shekara 20 ke nan. Ɗanta can aka haife shi, tsarin mulki ya ba shi 'yancin ɗan ƙasa. In an kore ta, yaron fa?

Sai dai masu son kora na da gaskiya a wuri ɗaya: dokar 1986 ba ta tsayar da shigowa ba, domin ba a matsa wa masu ɗaukar marasa takarda aiki yadda aka yi alkawari ba.